Murfin Salansar Kawu

A cikin masu baburan kamfanin babu wanda ya kai shi shekaru, shi ya sa kowa Kawu yake ce masa, har Oga mai kula da su, wanda da kaɗan ya girmi ɗan Kawu na fari. Aikinsu shi ne su bi ƙananan asibitoci su karɓi kwalaben jini da na fitsari, su jera a kula mai ƙanƙara da ke ɗaure a bayan babur, su kai babban ɗakin gwaji kafin ƙanƙarar ta narke. Kawu ya daɗe a aikin. Ya san nas ɗin da ke shanya mutum a bakin ƙofa, ya san lungun da ke ɓullewa ta bayan kasuwa, kuma bai taɓa fasa kwalbar kowa ba.

Da kamfani ya canza babura, sai aka kawo wasu masu ƙaton inji, waɗanda salansarsu ta biyo ta daidai idon sawun dama. Da murfin roba suka zo, amma robar ba ta yi ƙarko ba. Zafi ya gasa ta, ta tsattsage, ta riƙa zubewa a titi. Samarin suka koma tuƙi da ƙafa a wage kamar waɗanda maruru ya fito wa a cinya, kullum suna cikin mita. Kawu ne kaɗai ba a taɓa jin bakinsa ba. Sukan ce fatar mutanen da ce, ta riga ta jemu, shi kuma ya yi dariya, har ya ɗan ji kansa ya yi girma.

Wata rana da tsakar rana cunkoso ya rutsa da shi a ƙarƙashin gadar sama. Bas a hagunsa, motar siminti a damansa, gaba da baya kuma motoci sun haɗe kamar an ɗinke su. Ko babur ba shi da wurin kurɗawa. Gumi ya cika masa hular kwano, hankalinsa duk yana kan ƙanƙarar da ke bayansa.

"Baba mai babur. Baba."

Wata mata ce ta leƙo ta tagar bas, tana nuna ƙasa da yatsa.

"Wandonka hayaƙi yake yi."

Ya duba. Ƙafar wandon ta manne a jikin salansa, ta yi baƙi, ta huje. Da ya janye ƙafar sai ya ga fatar saman idon sawunsa ta saluɓe, wurin ya yi fari fat, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro. Sauka ba ta yiwuwa, don ko ƙafa ba zai iya ƙetarawa ba saboda jikin motar simintin. Ya kashe injin, sai layin ya ɗan motsa, na baya suka danna masa ham, dole ya sake tayarwa. Haka ya yi ta fama, ƙafar a ɗage, yana jan babur da ta hagu.

Ba ƙunar ce ta tsorata shi ba. Yana kallon naman ƙafarsa a gashe, amma ko ɗis bai ji ba, kamar ƙafar wani ce aka ba shi riƙo.

A ɗakin gwaji ya miƙa wa Sista mai karɓar kwalabe kular yana tsaye a karkace, ɓarin damansa a jikin bango. Ta sa hannu ta karɓa, ta ce yau ya makara, ya ce hanya ce. Da yamma ya tsaya a wani kemis ya sayi bandeji, ya naɗe wurin, ya ja safa a kai.

Matarsa guga take yi wa mutane. A barandar ɗakunansu biyu, can ƙuryar gidan haya, take kafa teburinta, kayan mutane jibge a kwando. Bai gama jingine babur ba ta ɗago kai tana shinshina iska.

"Me ya ƙone?"

"Wando ne ya ɗan taɓa salansa."

"Malam, shekaruna nawa ina ƙona tufafi? Na san ƙaurin yadi. Wannan ba yadi kaɗai ba ne. Zauna."

Ya zauna a bakin gado. Ta warware bandejin, ta daɗe tana kallon ciwon. Sannan ta tambaye shi yadda aka yi babban mutum kamarsa ya bar ƙafa a kan wuta har ta yi haka. Ya ce hankalinsa ne ya tafi wani wuri. Ta yi masa irin kallon da take yi wa rigar da aka ce mata ba a taɓa sawa ba.

"Rufe idonka."

Ya rufe.

"Wane yatsa na riƙe?"

"Babban."

"Yanzu fa?"

"Na kusa da shi."

"Buɗe."

Hannayenta duka biyu suna kan cinyarta. Ba ta taɓa shi ba sam.

Sai a nan ya gaya mata. Tun bara abin ya fara, da mindirya a tafin ƙafa, sai ka ce yana taka auduga. Ta san yana da ciwon suga, ita ke tuna masa da shan magani, amma wannan bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauka zai wuce. Akwai ranar da ya yini da ƙaramin dutse a takalmi, sai da ya cire takalmin ya gani.

"Gobe sai asibiti," ta ce.

"Wanne? Gaya mini asibitin da ba a san ni ba a garin nan. Kafin in fito daga ɗakin likita labari ya isa wurin Oga. Kin san da wace ƙafa ake taka birki?"

Ta sani. Ta kuma san auta na makaranta, babbar 'yarsu ta dawo gida da goyo tun da mijinta ya rasu, kuma guga ba ta riƙe gida. Ta tashi ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri, ta wanke masa ciwon. Ita ce ke yamutsa fuska a madadinsa.

Ranar hutu ta ce tare za su je layin masu kayan babur. Bai so ba, amma ta riga ta ɗauki mayafinta ta tsaya kusa da babur.

Layin matsattse ne, ƙasa baƙi ƙirin da tsohon baƙin mai, tayoyi da sarƙoƙi rataye har saman kai. Suka tsaya a shagon wani mai tumbi da ke zaune a kan tsohon batir yana sakace. Da ya ji abin da suke nema sai ya miƙe da fara'a.

"Irin baburan nan ai sun gasa rabin garin nan. Murfin kamfani kuwa babu shi, in ma akwai ba zan sayar maka ba, roba ce ta bokiti. Amma ina da kala-kala. Hajiya, ga benci."

"Tsayuwar ta fi mini," ta ce.

Ya fara fito da wani mai ƙyalli, fari tas, da zanen harshen wuta a jiki. Ya ɗaura shi, ya zauna ɗas a jikin salansa kamar da shi aka ƙera ta. Ya tayar da injin, ya yi ta murza totur har wurin ya cika da hayaƙi.

"To Baba, hau ka sa ƙafa ka ji."

Kawu ya tsaya yana kallon babur ɗin. Bai yi tunanin za a zo nan ba.

"Ni zan ji," matarsa ta ce. "Ni nake zama a baya."

Ta tsuguna, ta kai bayan hannunta kusa da ƙarfen yadda take yi wa dutsen guga. Nan da nan ta janye.

"Wannan ai kwalliya ce. Ba ni shi in je in goge wa mutane riguna."

Mai shagon ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce samari ne ke sayensa, su ba ruwansu da ƙafa in dai budurwa ta ga ƙyalli. Ya kwance shi da tsumma, ya ɗauko wani naɗi mai kama da bandeji, fari mai kaushi, wanda ake naɗe salansar da shi gaba ɗaya. Wannan ya fi. Ta daɗe da hannunta a kusa kafin ta ji hucin. Amma ta tambaye shi in ruwan sama ya jiƙa shi fa. Ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya yakan riƙe ruwa, ya yi turiri, a hankali ya cinye salansar da tsatsa. Kuma in aka naɗa, an naɗa ke nan, ba a warwarewa a mayar.

"Babur ɗin ba namu ba ne," in ji Kawu. Ita ce maganarsa ta farko tun zuwansu.

"To saura mummunan."

Daga ƙarƙashin kanta ya jawo shi, duk ƙura. Faranti biyu ne na alminiyo da aka haɗa, da wani abu kamar auduga a tsakaninsu, ba fenti, ba ƙyalli, sai ka ce murfin tsohuwar tukunya da aka lanƙwasa. Da maɗauri biyu ake kama shi, kuma ba ya taɓa salansar. Akwai ratar da yatsa zai shiga, don iska ta riƙa wucewa. Ya ɗaura, ya bar injin ya yi zafi sosai. Ta kai bayan hannu, ta jira. Ta matsa kusa. Ta ɗora tafin hannunta a kai. Sannan ta miƙe, ta tattare zaninta, ta zare takalmi, ta haye wurin zaman direba, ta sa idon sawunta tsirara daidai inda nasa ke zama.

Masu shagunan kusa suka fara leƙowa suna murmushi. Wani ya ce Hajiya za ta ƙwace wa Baba sana'a. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta zauna a haka, idonta a ƙasa, tana sauraron ƙafarta, har sai da mai shagon ya ce mai fa yana ƙonewa.

"Akwai ɗumi," ta ce da mijinta, "amma ɗumin da jariri zai iya kwanciya a kai. Shi za mu ɗauka."

A hanyar komawa gida titi ba kowa. Kawu ya ɗan saki babur ɗin, iska na kaɗa mayafinta, ta dafa kafaɗarsa tana cewa ya rage gudu, ita ba kwalbar fitsari ba ce da za a kai kafin ƙanƙara ta narke. Rabon da ya yi dariya irin ta ranar har ya manta.

Kowace safiya akan jera babura a harabar kamfani, Oga ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba taya da fitila. Da ya iso kan na Kawu sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa murfin da bakin takalminsa.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Maganin zafi ne, ranka ya daɗe."

Samarin suka zagaye babur ɗin. Wani ya ce ashe Kawun ma yana ji, daurewa yake yi. Wani ya tambayi inda ake sayarwa. Oga ya ja Kawu gefe, ya rage murya. Ya ce baburan nan ba na kamfani ba ne tukuna, haya aka ɗauko su daga dillali, kuma sharaɗin shi ne ko ƙusa ba za a ƙara ba. Mutanen dillalin sukan faɗo ba sanarwa. In suka ga an taɓa salansa, duk abin da ya lalace a injin sun zare hannunsu, kuma shi Oga ne zai amsa tambaya.

"Na rubuta musu a kan robar nan har na gaji. Sun ce suna dubawa. In na bar naka, gobe kowa zai zo da murfin tukunyar uwarsa." Ya ƙara matsowa kusa. "Sai dai in akwai larura. In akwai, kawo mini shaidar likita in kai sama, a ba ka izini kai kaɗai. Akwai?"

Kawu ya dubi fuskar yaron. Ba mugunta a cikinta. Da gaske yake son ya taimaka. Amma Kawu ya san abin da likita zai rubuta, ya kuma san wanda zai karanta.

"Babu komai. Zafi ne kawai."

"To zafin kowa yana ji, Kawu. Yi haƙuri ka cire."

A gaban kowa ya durƙusa ya kwance shi, ya sa a jakarsa.

Daga ranar rayuwarsa ta koma ɗaurawa da kwancewa. In ya fita daga get sai ya zagaya bayan wani gidan mai, inda ake jibge tsofaffin ganguna, ya durƙusa ya ɗaura. Kafin ya koma kamfani da yamma ya sake tsayawa ya kwance, lokacin salansar tana kamar garwashi. Hannayensa suna ji sarai. 'Yan yatsunsa suka cika da bororo. In aka kira shi ofis da rana, wata kwancewa ce da wata ɗaurawa. Ga na'urar da aka liƙa a jikin babur, mai nuna wa ofis duk inda mutum ya tsaya. Kullum cikin ƙirƙiro dalili yake: fitsari ne, taya ce ta yi sanyi, ruwa ya tsaya sha. Mutumin da ya tsufa bai iya ƙarya ba ya koya da furfura.

Ciwon kuwa ya ƙi bushewa. Sabon zafi bai ƙara taɓa shi ba, amma bakin takalmin aiki yana gurzarsa daga safe har yamma, shi kuma ba ya jin gurzar balle ya gyara. Kowace yamma matarsa takan tura guga gefe ta warware bandejin. Da farko takan yi masa tsiya tana wankewa. Daga baya tsiyar ta ɗauke. Gefen ciwon ya yi duhu, ya fara wani irin wari, har jikarsu ta daina hawa cinyarsa.

"Malam, wannan ya fi ƙarfin ruwan gishiri."

"Bari wata ya ƙare."

"Haka ka ce wancan watan."

Ta naɗe ƙafar, ta ɗaure, ta fita da kwanon ruwan. Ya ji ta daɗe a bakin famfo fiye da yadda wanke kwano ɗaya ke buƙata.

Wata safiya yana durƙushe a bayan gangunan, sifana a hannu, sai ya ga inuwar mutum ta rufe shi. Oga ne. Na'urar ce ta kawo shi. Ya tsaya yana kallon murfin, yana kallon yatsun Kawu, sannan idonsa ya sauka kan safar da ta yi tudu a saman takalmi. Kawu ya jira tambayar. A ransa har ya ji yana so a yi ta, a huta.

Oga bai yi ta ba. Ya zauna a kan wata ganga, ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Kawu, ni ma akwai na sama da ni. In na tambaye ka wani abu ka ba ni amsa, dole in kai. Ka gane?"

"Na gane."

"To ban zo nan ba, ban ga komai ba." Ya miƙe yana karkaɗe wando. "Daga gobe zan ba ka layin bayan gari. Babu cunkoso, iska za ta riƙa sanyaya injin, kuma mutanen dillali ba sa zuwa can. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Alheri ya yi niyya. Amma layin bayan gari doguwar tafiya ce, a fita da sassafe, sai faɗuwar rana a dawo. Da, Kawu yakan saci jiki da rana ya biya gida a sake masa bandeji. Yanzu ƙafar takan yini a kulle cikin takalmi, cikin gumi, kan hanya mai gargada. Ya yi godiya, don bai ga yadda zai ƙi ba.

Abin ya faru ne a wata gangara da ke sauka zuwa mararraba, da la'asar, kular cike da kwalabe. Wata tsohuwa ta sako kai titi da bokitin ruwa a ka. Akwai rata isasshiya. Kawu ya taka birki kamar yadda ya saba, amma babur bai rage gudu ba. Ya ƙara takawa da ƙarfi. Ya saci kallon ƙasa, sai ya ga ƙafarsa ba ta kan birki. Gargada ta zamar da ita baya, dunduniyarsa tana kan gefen murfin, shi yake ta dannawa. Ya damƙe birkin hannu gaba ɗaya. Tayar gaba ta kafe, ta baya ta sulale, babur ya kwanta ta dama ya ja shi a ƙasa, ya tsaya ɗan taku kaɗan daga ƙafafun tsohuwar.

Ya yi ƙoƙarin tashi, ya kasa. Babur ɗin ya danne masa ƙafa tun daga gwiwa, salansar na kwance a kan ƙwaurinsa, murfin ne kaɗai a tsakani. Kular ta buɗe. Kwalabe sun watse a kwalta, wasu sun fashe, ƙanƙara na narkewa a cikin jinin mutanen da bai sani ba. Yana kwance kumatunsa a ƙasa yana kallonsu, yana tunanin duk sai an sake kiransu an sake huda su. A ciki akwai ta wani jariri da Kawu ya ji kukansa ta bayan labule a asibiti.

Tsohuwar ta sauke bokitinta ta tsuguna kusa da kansa.

"Sannu, bawan Allah. Sannu. Laifina ne, ban duba ba."

"Ba laifinki ba ne, Iya."

Mutane suka taru suka ɗaga babur ɗin. Wani ya ce a cire masa takalmi a ga ko ya karye. Da aka zare safar, waɗanda ke kusa suka ja da baya. Wani direban a-kori-kura ya ce wannan ba ciwon yau ba ne, a sa shi a mota.

Bai karye ba, bai kuma sake ƙonewa ba. Amma likitan da ya duba tsohon ciwon bai yi masa ta daɗi ba. Ya tambayi wa ke wankewa, matarsa ta ce ita ce, sai ya sassauta, ya ce wankinta ne ya sa har yanzu akwai abin da za a ceto. Aka shiga da shi aka yanke ruɓaɓɓen naman. Ƙafar ta tsira, da rami a gefenta. Likitan ya bi tafin ƙafafunsa biyu da wani siririn tsinke yana tambaya, wannan karon Kawu bai yi canke ba. Duk inda bai ji ba ya ce bai ji ba.

"Babur kuma ya ƙare, Baba," in ji likitan. "Ba don kai kaɗai ba."

"Na sani," ya ce. Tsohuwar ce a idonsa.

Ya daɗe a kwance. Samarin suka zo dubiya a tare, suka cika ɗakin da surutu, suka tafi. Oga ya zo shi kaɗai, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo neman gafara. Ya ce an kira shi sama, an wanke shi tas, saura kaɗan aikinsa ya tafi. Ya ce ya roƙa wa Kawu wani abu: maigadin rana zai koma garinsu, gurbin yana nan in yana so. Albashin bai kai na babur ba, amma zama ne.

Kawu ya dubi matarsa. Tana tsaye jikin taga, ta rame, bayan hannunta duk tabon dutsen guga, don tun da ya kwanta ta ƙara karɓar kayan wasu gidaje.

"Ina so," ya ce. "Na gode."

Ranar da ya fara, a bas suka zo tare, ta riƙe masa sanda yana sauka. Ɗakin maigadin akwati ne na kwano a gefen get, da 'yar taga, da kujera ɗaya, da igiyar da ake ja ƙarfen get ya ɗaga. In mutum ya miƙa hannuwa zai taɓa bango biyu. Likita ya ce ƙafar ta riƙa zama a ɗage, don haka ta samo masa wani kwandon lemo ta kifa, ta shimfiɗa tsumma a kai. Da ya miƙe ƙafar sai ta wuce bakin ƙofa. Suka gwada ta wannan kusurwa, suka gwada ta waccan. In za a rufe ƙofa sai ya sauke ƙafa. In ƙafa za ta hau kwando sai ƙofa ta zauna a buɗe.

"Bar ta a buɗe," ya ce. "Na ga masu wucewa."

Ta ajiye masa kwanon abinci da maganinsa a kan taga, ta ja masa kunne kada ya cire safa, kada ya yi tafiya ba takalmi, ya riƙa duba ƙafar da ido. Ya ce to, to, ta tafi kada masu kaya su zo ba ta nan. Ya bi ta da kallo har ta tsallaka titi ta shige cikin masu jiran bas.

Kwanon rufin ya fara ɗaukar rana. A cikin harabar yana jin muryar Oga yana bin layi, daga nan injuna suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na farkonsu ya iso bakin get ya danna ham, yana murmushi ta cikin hular kwano.

"Kawu, a buɗe mana hanya."

Kawu ya sauke ƙafar daga kan kwando da hannu biyu, ya dafa bango ya miƙe, ya kama igiyar ya ja.